Mai Ceton Baho da Sifilinsa

Sunan da ƙaramar hukuma ta rubuta a allo daban ne, amma duk wanda ya tashi a unguwarmu Baho yake ce wa wurin, don ruwansa bai fi na bahon wankan jariri faɗa ba. Ɗan lungu ne a gefen ruwan Sydney ta ƙasar Ostiraliya, a ƙarshen lambun shaƙatawa, bayan an wuce filin ƙwallo da murhunan gashin nama na kyauta. Yashinsa taku saba'in ne daga wannan dutse zuwa wancan. An tare bakinsa da raga don kada kifin shak mai cin mutane ya shigo, ko da yake shak ɗin da zai shigo Baho sai dai ya zo da jan ciki. Igiyar ruwa kuwa ba a ganinta sai jirgin ruwa na fasinja ya wuce, sau biyu a awa.

A nan Neville Farrugia ya yi shekara talatin da tara yana aikin ceton masu nitsewa, kyauta, duk Asabar da Lahadi daga Satumba zuwa Afrilu, lokacin zafi a can. Kuma bai taɓa ceton kowa ba.

Ba laifinsa ba ne, sai dai shi bai taɓa yarda da haka ba. Ubansa Salvu ya zo daga Malta a jirgin ruwa, ya yi aikin ceto a babban bakin teku inda igiya ke tashi ta fi gida tsawo. Mutum ɗari da goma sha biyu ya fitar daga ruwa, har da doki ɗaya. Wani ƙato da yake nitsewa ya haure shi a baki ya zubar masa da haƙora biyu, Salvu ya ƙi sa na roba har ya mutu, don kowa ya tambaya ya ba shi labari. A ƙarƙashin hoton wannan wawulo Neville ya girma. Da ya samu aikin tuƙin bas ya yi aure, sai suka kama haya kusa da lambun, ya sa sunansa a ƙungiyar ceto ta Baho, wai na ɗan lokaci ne kafin ya koma inda maza suke. Ɗan lokacin ne ya kai shi shekara sittin da takwas a duniya.

Da ka gan shi da safe sai ka rantse yaƙi za a yi. Hula ja da rawaya ɗaure da igiya a haɓa, farin man kare ƙunar rana dame-dame a hanci, usur a wuya. Ya tsaya ya ƙura wa ruwan ido, ya lasa yatsa ya ɗaga ya ji iska, ya yi gaba ya dawo, sannan ya kafa tutoci biyu na iyakar wurin wanka a ramukan da ya cire su jiya. Dokar kowa ya san ta tun yana goye: wanka tsakanin tuta, kuma idan ka shiga uku ka ɗaga hannu ɗaya sama ka jira. Neville ya riƙe dokar kamar shi aka saukar wa. Ka kuskura ƙafarka ɗaya ta fita daga layin tuta, usur zai fasa maka kunne ko da kai ne limamin coci.

Wuri ɗaya ne a Baho ya fi tsawon mutum zurfi. A hannun hagu, gindin dutse, inda bututun ruwan sama ke zubowa, ruwan ya haƙa rami. Neville ya sa masa suna Ramin, yana kuma faɗin sunan a hankali kamar Ramin na ji. Shekara talatin da tara yana gadinsa, ko kare bai bari ya kusance shi ba.

Idan jirgin fasinja ya doso kuwa, sai ya hau kujerarsa mai tsani ya kwarara ihu.

"Igiya! Igiya na tafe! A riƙe yara!"

Kowa ya tsaya cak don girmamawa. Igiyar ta taho a hankali, ta lashi idon sawun mutane, ta koma abinta.

Ba wai bai fitar da komai daga ruwan ba. Ya fitar da haƙoran roba har sau uku, da keken sayayya na kanti, da zoben auren wata mata wadda ta karɓa ta yi godiya ta sake wurga shi ciki. Ya taɓa fitar da wani kare da ke iyonsa lafiya lau, karen ya cije shi. Amma mutum, ko ɗaya. Kowace yamma yakan buɗe littafin aiki, a layin da aka rubuta "Waɗanda aka ceto", ya zana sifili. Kuma wallahi ba ka taɓa ganin sifili mai kyau irin nasa ba, zagaye tas, don hannun ya saba. A ɗakin ƙungiya akwai allon katako da aka tanada don sunayen masu ceto. Neville ke shafa masa fanti mai sheƙi duk shekara, kuma babu harafi ko ɗaya a jikinsa.

Matarsa Glenys ita ce ɗayan abin da ba ya canzawa a Baho. A garin manoman alkama aka haife ta, can ciki, inda ruwan da ta sani na tanki ne. Ba ta iya iyo ba, ba ta kuma ga dalilin koya ba. Ta yi shekara talatin tana dafa abinci a makarantar firamare, duk ƙarshen mako kuma ta ɗauko koriyar kujerarta mai naɗewa ta kafa a gindin ɓauren da ke bakin yashi, da fulas ɗin shayi da saƙa. Ƙafarta ba ta taɓa taɓa ruwan ba. Aikinta korar tsuntsayen bola masu dogon baki daga abincin ranar Neville, da gaya masa cewa man hancinsa ya sa ya yi kama da jaki.

Shi kuma yana da wata ɗabi'a da shi kansa bai lura da ita ba. Duk minti biyar yana ƙirga kawunan da ke cikin ruwa, kamar yadda aka koya masa, sai ya ɗan waiga baya ya rufe ƙirgar.

"Goma sha huɗu a ruwa," zai ce a ƙasa-ƙasa, "ɗaya a kujera."

A watan Fabrairu takarda ta zo. Wata budurwa mai ladabi daga ƙaramar hukuma, Tamsin, ita ta kawo da hannunta, tana ta ba da haƙuri tun kafin ya buɗe. An duba littattafan Baho tun daga farko, an ga sifili daga bango zuwa bango. Idan har Lahadin ƙarshe ta Afrilu ba a samu ceto ko ɗaya ba, za a naɗe tutoci a kai su inda ake bukata. Kuma abin da mai gadin ranar ya rubuta da hannunsa shi kaɗai hukuma ke dubawa.

"Wato laifina shi ne ba wanda ya mutu," in ji Neville.

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"To me kike nufi, 'yar nan?"

Tamsin ta duba takalmanta.

Daga ranar Neville ya lalace. Abinci ya daina shiga. Abin da ya fi muni, ya fara kallon tsofaffi da wani irin ido. Kostas mai soya kifi da dankali a ɗan shagon lambu ya taɓa cinye burodi huɗu cike da nama da albasa a gabansa, sai ga Neville ya matso yana murmushi.

"Mutumina, ba ka ɗan shiga ruwa ne? Yau da daɗi."

"Kai da bakinka ka hana mu wanka bayan cin abinci!"

"An canza dokar."

Da ya koma gida ya gaya wa Glenys abin da ya yi, ya zauna a bakin gado ya rufe fuska don kunya. Ya ce mata shi ba ya son kowa ya cutu. Mutum ɗaya kawai yake so, ya ɗan sha ruwa kaɗan, a fito da shi, ya yi tari, ya tafi gida. Ya ce idan aka cire tutocin nan bai san me zai ce ya yi da rayuwarsa ba. Glenys ta ci gaba da saƙarta, amma ta ɓata layi biyu sai da ta warware.

Lahadin ƙarshe ta zo da rana mai daɗi da ɗan sanyi. Baho ya cika fiye da yadda ya saba a irin wannan lokaci, kuma mutanen da ke cikin ruwan ba masu wankan Afrilu ba ne. Ga Kostas da tumbinsa. Ga likitan haƙorin unguwa. Ga tagwayen nan tsofaffi masu yawo da karnuka. Ga limamin coci da gajeren wando. Ga Dulcie, mai shekara saba'in da huɗu, wadda ta taɓa ƙetare ruwan nan da iyo har wancan tsallaken don kawai an ce ba za ta iya ba. Kowa na kauce wa idon kowa. Tamsin ta zauna a kan dutse da takardunta a cinya.

Abin da ya faru shi ne, kowannensu ya kwana da shawara guda, kuma kowa ya ɗauka shi kaɗai Allah ya ba wannan basira. Ba wanda ya gaya wa wani, don kada maganar ta koma kunnen Neville.

Jirgin da ke wucewa da ƙarfe goma sha ɗaya saura minti ashirin ya doso. Neville ya hau tsani.

"Igiya! A riƙe yara!"

Igiyar na taɓa Dulcie ta durƙusa a kan yashi har ruwa ya kai mata wuya, ta miƙa hannu ɗaya sama. Ta ɗan saci kallon gefe don ta ga ko ya gan ta, sai ta yi ido biyu da Kostas, shi ma a durƙushe, hannu a sama. Bayansa likitan haƙori. Tagwaye sun ɗaga tare. Limami ya ɗaga biyu don ƙarin lada. Hannu bakwai cif a cikin Baho, tsaye kamar 'yan aji sun san amsa.

"Kostas, sauke hannunka," in ji Dulcie ta gefen baki. "Ni ce ke nitsewa."

"Ke? Wa zai yarda? Ke da kifi ke zuwa koyon iyo wurinki!"

"To matsa can ka nitse, ka tare ni."

"Tun Laraba na shirya wannan, ko shago ban buɗe ba."

"Jama'a, a yi layi mana," in ji likitan haƙori. "Ba zai iya ɗaukar mu duka lokaci ɗaya ba."

Duk wannan a kunnen kowa, don a Baho ko raɗa ka yi ana ji daga wancan dutsen. Tamsin ta sa takarda ta rufe bakinta, kafaɗunta na rawa.

Neville bai motsa daga kan tsani ba. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya yi wa usur tun suna da gashi baƙi, kuma ya gane abin da suke yi masa. Tausayinsa suke ji. Bai taɓa jin wulaƙanci irin wannan ba, kuma abin da ya ƙara ƙona masa rai shi ne ya san don ƙauna suka yi. Ya sa usur a baki ya busa har tsuntsaye suka watse daga kan ɓaure.

"Ku miƙe tsaye! Dukanku! Marasa kunya!"

Suka miƙe sumui-sumui. Ruwan iya cibiya. Na Dulcie ma bai kai ba.

Duk da fushin, bakinsa ya kama aikin da ya saba. Ya ƙirga. "Ashirin da biyu a ruwa," ya ce, ya waiga, "ɗaya a..."

Kujerar ba kowa. Saƙa a naɗe a kai, tabarau a kan saƙar, takalma a jere a ƙasa kamar a ƙofar ɗaki.

Akwai abin da ake koya wa masu ceto duk shekara, Neville ya ji shi sau talatin da tara: wanda yake nitsewa da gaske ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu. Don haka bai ko kalli tsakanin tuta ba. Ya juya hagu. A gindin dutse, tsakiyar Ramin, wani abu fari-fari kamar tsumman goge ɗaki ya taso, baki ya buɗe, ya sake komawa ƙasa.

Duk wata doka da ya yi rayuwarsa yana karewa ya taka ta a taku goma sha biyar. Bai busa usur ba. Bai ɗauki robar ceto ba. Ya diro daga tsani da gwiwoyin ɗan shekara sittin da takwas, ya ture limami, ya faɗa Ramin da ka. A ƙasa ya same ta, cikin duhun ruwa, da rigarta mai furanni da rigar sanyi ta ulu da ta sha ruwa ta yi nauyi kamar buhun siminti. Ta cakume shi ta danna shi ƙasa, ta taka kafaɗarsa, gwiwar hannunta ta same shi a baki har ya ji ƙas. Ya zagaya ta baya ya riƙe haɓarta, ya yi ta harbin ruwa har ƙafarsa ta taɓa yashi. Dulcie ce ta fara isowa ta kama ɗaya hannun, wannan karon ba wasa.

Suka kwantar da ita a gefenta. Shiru. Sannan Glenys ta amayo rabin Baho a kan ƙafar likitan haƙori, ta yi tari, ta buɗe ido.

"Gishiri ne da shi," ta ce. "Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Glenys!" Jini na zuba daga bakin Neville, haƙorinsa na gaba babu. "Glenys, me ya kai ki? Wajen tuta! Cikin Ramin!"

"To ina zan shiga? Tsakanin tuta ya cika da masu nitsewa, ko wurin sa ƙafa babu. Kuma iya cibiya ne, wa zai yarda?"

"Me ya hana ki ɗaga hannu?"

"Na ɗaga mana, tsoho. Ina ɗagawa ƙasa ta gudu."

Mutane suka fashe da dariya, irin dariyar da ke zuwa bayan tsoro. Kostas na kuka yana dariya yana share hanci da tawul ɗin wani. Aka lulluɓe Glenys da barguna, aka zaunar da ita a kujerarta, aka ɗura mata shayi. Can sai ga Tamsin ta taho da littafin aiki da biro, idonta jajir.

"Baba, wannan na gaske ne. Da idona na gani. Rubuta ɗaya ka sa hannu, tutocinka sun zauna."

Aka ɗauki tafi. Dulcie ta aika a ɗauko allon katako daga ɗakin ƙungiya, likitan haƙori na cewa shi zai sayi fantin zinariya. Neville ya karɓi biro. Ga layin, ga wurin da babu komai a gabansa. Shekara talatin da tara yana mafarkin wannan ɗan tsayayyen layi guda, har ya sha gwada zana shi a bayan tikitin bas. Amma ya kasa ɗauke idonsa daga takalman nan biyu da ke jere a ƙarƙashin kujera.

"Glenys," ya ce, maganar na fita da iska ta wawulo, "idan baɗi suka sake aiko da takarda fa?"

"Sai in sake shiga mana," in ji ta, tana hura shayi. "Ai yanzu na san wurin."

Ba wasa take yi ba, kuma ya san ba wasa take yi ba. Shekara arba'in da ɗaya yana aure da ita, bai taɓa jin ta faɗi abin da ba za ta yi ba. Ya sunkuya ya ɗora littafin a gwiwa, ya zana sifili. Wannan karon bai yi kyau ba, ya karkace, ɗigon jini ya faɗa a gefensa. Ya sa hannu ya miƙa wa Tamsin.

"Baba, ka san abin da wannan yake nufi?"

"Na sani, 'yar nan."

Wurin ya kaure da hayaniya. Dulcie ta ce ya haukace. Kostas ya ce shi ya rufe shago a banza ke nan. Amma duk muryar Glenys ta danne su.

"Sifili? Neville Farrugia, ni ce sifili? Na sha ruwan da karnuka ke fitsari a ciki, na lalata rigar ulun da na yi wata biyu ina saƙawa, ka ce sifili?"

Neville ya taka zuwa bakin ruwa, ya tuge tuta ta farko, ya tuge ta biyu, ya naɗe su tare ya ba Tamsin. Ya kwance igiyar hular daga haɓarsa ya ɗora a kai. Sannan ya dawo ya durƙusa, da ƙyar don gwiwoyin sun gama aiki, ya sa wa Glenys takalmanta ɗaya bayan ɗaya. Yana kuka, bai kuma ɓoye ba. Ita ma da ta ga haka sai ta bar faɗan, ta ce masa ya sa mata na hagu a ƙafar dama.

Yanzu Baho ba tuta. Hukuma ta sa an zuba duwatsu an cike Ramin, aikin da bai ɗauki rabin yini ba. Allon katakon yana kicin ɗin Glenys, a kansa take yanka burodi, ta ce fantin ya sa ba ya riƙe datti. Likitan haƙori ya yi ta bin Neville zai sa masa haƙori kyauta, ya ƙi. Sai dai shi idan an tambaye shi ba ya ba da labari, cewa yake ya yi karo da ƙofa.

Duk Lahadi suna zuwa da kujera biyu su kafa a gindin ɓaure. Har yanzu leɓensa na motsi duk minti biyar, yana ƙirga. Idan jirgin fasinja ya doso, mutane kan waigo su dube shi don sabo, amma ba ya ihu, ba ya ma kallon ruwan. Hannu kawai yake miƙawa ya riƙe hannun rigar sanyin Glenys.

"Sake ni, tsoho," takan ce, "shayi zan zuba."

Ba ya saki sai igiyar ta koma. Ita kuma ta koyi zuba shayi da hannu ɗaya.